Lambar da Ta Ƙi Rabuwa: 2,147,483,647

Ɗauki ƙwayar gero ɗaya ka ninka ta, ta zama biyu. Sake ninkawa, huɗu, takwas, sha shida. Idan ka yi haka har sau 31, ƙwayoyin za su kai 2,147,483,648. Cire guda ɗaya, abin da ya rage shi ne lambar da ta daɗe tana jan hankalin masana lissafi: 2,147,483,647.

Kallo ɗaya ya isa a gane cewa mara ce, ba cika ba, tunda da bakwai ta ƙare. Sai dai sirrinta ya wuce nan. Duk yadda ka so ka kasa geron nan kashi-kashi daidai wa daida, ko uku, ko bakwai, ko dubu, sai an sami saura. Ba abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta. Irin waɗannan lambobi marasa rabuwa, kamar 2, 3, 5 da 7, su ne tubalan da ake gina sauran lambobi da su.

A cikin wannan dangi ma tana da gidanta na musamman. Lambobin da ake samu ta irin wannan ninkawa a kai a kai sannan a cire ɗaya ana kiransu da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya rasu a 1648. Marasa rabuwa daga cikinsu suna farawa da 3, 7, 31, 127, kuma tamu ita ce ta takwas.

Wanda ya tabbatar da hakan shi ne Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan, a shekarar 1772, lokacin da idanunsa sun riga sun kusan mutuwa gaba ɗaya. Bai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba. Ya san cewa in akwai mai raba ta, to dole a same shi ƙasa da 46,341, sannan ya nuna cewa 'yan kaɗan ne daga ciki suka cancanci gwaji. Kusan shekara ɗari aka yi ba a san wata marar rabuwa da ta fi ta girma ba.

Yau kuwa ta shiga rayuwar kowa. Manhajoji da yawa suna ajiye lamba a gurabe 32, ɗaya na nuna ƙari ko ragi, 31 na ƙirga, don haka iyakarsu ke nan. A 2014, da yawan kallon waƙar Gangnam Style ya doshi wannan adadi, sai da YouTube ya faɗaɗa ma'auninsa. Haka kuma tsofaffin na'urori masu ƙirga daƙiƙa tun daga 1 ga Janairun 1970 za su cike a ranar 19 ga Janairun 2038, shi ya sa injiniyoyi ke ta gyara tun yanzu.

Euler bai taɓa ganin kwamfuta ba, son sani kawai ya sa shi wannan aiki. Ya kamata ɗalibin da ke tambayar amfanin lissafi ya ji labarin nan, domin ilimi shuka ne da wani lokaci jikoki ke girba.