Kafin Injin Wanki Ya Shigo Gida

 Yau a kan injin wanki za mu tattauna, kuma daga tsakar gida za mu ɗauko zancen kafin mu isa kasuwa.

Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san ranar wanki. Tun da sassafe ake jiƙa kaya a baho, a barbaɗa omo, a jawo kujera 'yar tsugunne. Kayan makarantar yara gefe guda, zannuwan gado gefe guda, ga tsummokaran jariri da kullum sai an wanke. Kafin azahar bayan uwargida ya ƙage, yatsunta sun yi fari sun saɓule, kuma girki na jiranta. Maigida kan aika nasa wurin mai wanki da guga, amma na mata da yara a hannunta suke ƙarewa. Shi ya sa ba na lissafa injin wanki cikin kayan ƙawa. Masanin tattalin arzikin nan ɗan Koriya ta Kudu, Ha-Joon Chang, ya kafa hujja a littafinsa na 2010 cewa wannan inji ya sauya rayuwar mutane fiye da intanet, saboda lokacin da ya sama wa mata. Matar da ta taɓa matse bargo da hannu ba za ta yi masa musu ba.

Sai dai ba kowane inji ne ke zama lafiya a kowane gida ba. Lokacin bikin ƙanwata mun haɗa kuɗi muka saka mata injin wanki cikin kayan ɗaki, irin mai ƙofa a gaba, mai gilashi da maɓallai masu haske. 'Yan ganin ɗaki sun yaba ƙwarai. Bayan wata shida na je gidan na tarar an lulluɓe shi da leda, an jera kuloli a kansa. Unguwarsu ba ruwan famfo, gidan ba tankin sama, wutar kuma sai tsakar dare take leƙowa. Mun tambayi farashi, mun zaɓi launi, amma ba wanda ya tambayi gidan da za a kai shi. Abin ya daɗe yana damuna, domin ta ci gaba da wankinta a tsugune, injin na gefe.

Idan ka shiga shagunan kayan lantarki na Sabon Gari a Kano, ko Wuse a Abuja, iri uku za a nuna maka, ko da kuwa sunan LG ne a jiki, ko Hisense, ko Samsung, ko Haier Thermocool, ko Scanfrost. Akwai mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa, kai ne kake zuba ruwa kake kwashe kaya daga wannan zuwa wancan. Akwai mai murfi a sama da ke jan ruwa, ya wanke, ya ɗauraye, ya matse da kansa. Sai mai ƙofa a gaba, wanda ya fi su tsada, ya fi su fitar da dauɗa, ya kuma fi su lallaɓa tufafi.

Fara da wutar gidanka. Mai baho biyu na gida galibi bai wuce wat 500 ba, don haka matsakaicin janareta ko sola mai ɗan ƙarfi za su ja shi. Mai ƙofa a gaba yana da abin dumama ruwa a ciki, shi kaɗai kan ci wat 2,000 ko kusa da haka, alhali ƙaramin janaretan nan na bakin shago ko wat 1,000 bai kai ba. Ana iya saita shi a kan ruwan sanyi a kauce wa wannan nauyi, kuma a zafin ƙasarmu yawancin wanki bai buƙatar ruwan ɗumi. To amma ga inda gizo ke saƙar: masu aiki da kansu ƙwaƙwalwar lantarki ke tafiyar da su, wadda masu gyara ke kira fanel. Wutar da ke zuwa da ƙarfi bayan an ɗauke, ko wadda ke zuwa rabi da rabi, ita ke ƙona fanel, kuma canza shi ba ƙaramin kuɗi ba ne. Duk mai sayen irin wannan ya haɗa kuɗin sitabilaiza cikin lissafinsa tun farko. Ya kuma tambaya ko injin na ɗorawa daga inda ya tsaya idan wuta ta dawo, domin in an ɗauke yana tsaka da aiki, kayan na nan tsundum a ruwa, kuma in mai ƙofa a gaba ne, ba a buɗe ƙofar sai an tsiyaye shi ta ɗan bututun da ke ƙasa. Mai baho biyu kuwa, in wuta ta tafi sai ka sa hannu ka ƙarasa. In ya lalace, bel ne ko kafasito ko taima, kuma a kowace unguwa akwai mai gyaran da ya san su.

Sai ruwa. Mai ƙofa a gaba shi ya fi tsimi, lita 50 zuwa 60 kan ishe shi wanki guda, wato jarka 2 zuwa 3 ta 'yan ga-ruwa. Mai murfi a sama kan wuce lita 100. Amma dukansu biyu ta bututu suke sha, suna son ruwa mai zuwa da ƙarfi daga famfo ko daga tanki mai tsayi. Gidan da ruwansa a kura ake kawo shi, ko da guga ake jawo shi daga rijiya, mai baho biyu ne abokin zamansa. Da bokiti ake cika shi, a fara da fararen kaya, a bi da masu launi a ruwa guda, sauran ruwan ɗauraya kuma a wanke tsakar gida da shi. Inda ruwan burtsatse ke da zartsi ko yashi, a sa matata a bakin bututu, in ba haka ba hanyar ruwan ta toshe.

Ra'ayina a fili yake: ga mafi yawan gidajenmu, mai baho biyu ya fi dacewa. Wanda ke da tsayayyiyar wuta da tankin sama, ya sayi mai ƙofa a gaba ba zai yi nadama ba.

Lambar kilo da ke jikin inji nauyin busassun kaya take nufi. Kilo 6 ko 7 ya wadaci amarya da ango, gidan da ke da yara biyar ko shida kuwa ya nemi kilo 10 zuwa sama. A mai baho biyu, a duba da kyau, bahon matsa ya fi na wanki ƙanƙanta. Injin da ke busarwa da zafi kuma, ban ga dalilin biyan kuɗinsa a ƙasar da rana ke busar da zane kafin a gama shara ba, in ban da 'yan makonnin marka a watan Agusta.

Akwai tufafinmu da masu ƙera injin ba su san da su ba. Shadda mai tsada, wadda sheƙinta ne kuɗinta, inji na dusashe ta, ya kuma cinye aikin wuya. A bar ta ga wankin hannu da 'yan bugu. Hular zanna da kube suna da masu wankinsu. Leshi mai duwatsu zai zubar da duwatsun, su je su toshe hanyar fitar ruwa. Mayafi marar nauyi a saka shi cikin jakar raga kada ya nannaɗe ya yage. Sabuwar atamfa a gwada ta ita kaɗai tukuna, a ga ko tana zuba. Kayan da najasa ta taɓa, irin su zanen goyo da wandunan yara, a fara wanke wurin da ruwa tsarkakakke kafin a haɗa su da sauran kaya, a kuma tabbatar ɗaurayar ƙarshe da ruwa zalla aka yi ta, tunda cikin tufafin nan akwai waɗanda za a yi salla da su.

A shago kada kunya ta hana ka cewa a jona a gwada a gabanka. Saurari ƙarar matsa, ka ga ko injin na tsalle. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, da katin garanti mai hatimi, ka tambayi inda wurin gyaran kamfanin yake a garinku. Wasu kamfanoni kan rubuta garantin shekara 10 ɓaro-ɓaro a gaba, amma na motar injin ce kawai, ragowar sassan shekara 1 ko 2 ne. Mai sayen na hannu ya leƙa takardar da ke manne a baya: wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100, kuma jona irin waɗannan kai tsaye ƙona su ne.

In an kawo shi gida, mai ƙofa a gaba yana da manyan kusoshi a baya da ke riƙe gangar saboda tafiya, dole a cire su kafin wankin farko. A ajiye shi a daɓe mai daidai, a inuwa, a toshe ƙasansa saboda ɓera na son wayoyinsa. Omo mai yawan kumfa ba nasa ba ne, akwai wanda aka yi dominsa. A lalube aljihu kafin a zuba kaya, domin makulli da carbi da asuwaki duk sun sha kashe inji. Babban abin da nake roƙo shi ne a kira mai gyaran wuta ya tabbatar soket ɗin na da wayar ƙasa. Gidajenmu da yawa ba su da ita, ga ruwa a daɓe, ga mace ba takalmi, ga yara na kai-komo.

Maigida, ranar da za ka je sayen nan, ka tafi da mai yin wankin, ko aƙalla ka zauna ka tambaye ta yawan kayan da take wankewa a mako, da sa'ar da wuta ke zuwa, da jarka nawa ake saye. Ita ta san amsar.