Adon Katako a Bakin Murhun Ɗumi

A ƙasashen da sanyi ke kaiwa ga zubar ƙanƙara, irin su Ingila, Kanada da Amurka, tsofaffin gidaje da yawa suna da murhun ɗumi a bangon falo, da bututun hayaƙi da ya fita ta rufi. A 'yan shekarun nan an shiga yayin jera sirara-siraran katako a tsaye a bangon da ke kewaye da murhun, tun daga daɓe har silin, ana barin ɗan rata tsakanin kowane biyu. Idan aka hura wuta da dare, haske ya kwanta a fuskar katakon, inuwa ta shige tsakaninsu, sai falon ya yi kamar ya ƙara tsayi. Ba shakka akwai kyau. Amma mai son yin wannan ado ya san cewa itace yake kawowa kusa da wuta.

Da farko ya duba abin da ya saya. Yawancin na kasuwa ba katako ba ne zalla: allon MDF ne, wato na garin katako da aka matse, aka lulluɓe da siririn fallen katako mai kyan zane, aka manna a kan wani baƙin bargo da ake yi da robar tsofaffin kwalaben ruwa. Bargon yana rage amsa-kuwwa a ɗaki, sai dai roba ce, zafi yana narka ta, gam ma yana saki.

Babban haɗarin kuwa ba ya nuna kansa da wuri. Katako ba sai harshen wuta ya lashe shi yake kamawa ba. Idan yana shan zafi kowane hunturu, shekara da shekaru, sai ya bushe ƙayau, ya fara rikiɗa zuwa gawayi, har ya kai ga zafin da a da bai isa ya kunna shi ba yanzu ya isa. Galibi ta bayan allon abin yake farawa, inda ido ba ya kaiwa.

Shi ya sa dokar gine-ginen gidaje da yawancin jihohin Amurka ke bi ta ce kada a sa duk wani abu mai cin wuta ƙasa da inci 6, wato kusan santimita 15, daga bakin murhun da aka gina da bulo. Har zuwa inci 12 ma an ƙayyade yadda zai turo gaba. Murhun ƙarfe mai cin itace, da na gas, da na lantarki, kowanne da tazarar da kamfaninsa ya rubuta a littafin da ya zo da shi, kuma ita ake bi. Na lantarki ya fi sauƙin sha'ani, muddin katakon bai toshe kafar da iska mai zafi ke fita ba.

Kafintan da ya san aikinsa yakan kewaye bakin murhun da tayil, dutse ko allon siminti, sannan ya fara jera katako daga inda tazarar ta ƙare. Yakan bar katakon ya kwana biyu a ɗakin kafin a kafa, don kada ya lanƙwashe daga baya. Maganin hana kama wuta da ake shafawa yana jinkirta ƙonewa ne kawai, ba ya rage tazarar ko da inci ɗaya.

Bayan an gama, a riƙa taɓa katakon da ya fi kusa idan wuta ta daɗe tana ci. In hannu ya kasa jurewa, ko launinsa ya fara duhu, a cire shi a matsar da shi baya.