Hanyar da Tsofaffin Sojoji Suka Fafe a Gefen Teku

A wannan fitowa za mu ɗauke ku zuwa ƙasar Ostiraliya, can kudancin jihar Biktoriya, mu bi wata hanyar mota da ake kira Great Ocean Road, wato Babbar Hanyar Teku. Ta tashi daga garin Torquay ta dire a Allansford, tsawonta kilomita 243, kamar daga Kano zuwa Kaduna ke nan da 'yar ɗoriya. Sai dai fa ba shimfiɗaɗɗen fili ta ratsa ba irin namu. A wurare da yawa dutse ne a damanka, a hagunka kuwa ka leƙa ƙasa sai teku yana tafasa.

Kafin mu hau mota, ya kai mai karatu, bari ka ji yadda aka yi ta. A da, mutanen ƙauyukan wannan gaɓa, irin su Lorne, ba su da hanyar kirki. Ko dai su shiga jirgin ruwa, ko su bi wata burtali mai wuya ta cikin kurmi. To da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, wanda ya ci 'yan Ostiraliya kimanin 60,000, sai ga sojoji sun dawo gida ba aikin yi. Magajin garin Geelong, Howard Hitchcock, ya jagoranci wata ƙungiya ta tara kuɗi don a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: waɗanda suka dawo su sami abin yi, hanyar kuma ta zama abin tunawa da waɗanda ba su dawo ba.

An fara aiki a watan Satumba na 1919. Kada ka ɗauka da katafila aka yi. Da diga da shebur da baro da nakiya mutum wajen 3,000 suka yi ta fafar dutse, suna kwana a tantuna, wasu ma suka rasa rayukansu a bakin aikin. Sai a Nuwamba 1932 aka buɗe ta, shekara 13 ke nan. Shi kuwa Hitchcock bai ga ranar ba, ya rasu saura 'yan watanni. Masu mota sun yi ta biyan kuɗin shinge har 1936, lokacin da aka miƙa hanyar ga gwamnatin jiha.

To yanzu mu kama hanya, mu nufi yamma. Abin da zai fara tare ka shi ne wata ƙofar katako da ta haye saman titi a Eastern View, kusa da ita ga mutum-mutumin ma'aikata biyu. A yau wurin abin tunawa ne da waɗancan sojoji. Gobarar daji ta 1983 ta cinye ta, aka sake ginawa. Daga nan sai kwana-kwana, hanya na manne da jikin dutse har Lorne, har Apollo Bay. Duk kwanar da ka sha, ka tuna hannu ne ya sare ta.

Bayan Apollo Bay hanya takan rabu da teku ta shiga kurmin Otway mai dogayen itatuwa. Tun dubban shekaru kafin Turawa, akwai 'yan asalin ƙasa a nan, mutanen Gadubanud. Har yau ana ganin tarin ɓawon kifin kwanso da suka ci suka zubar a bakin gaɓa. Zuwan Turawa ne ya tarwatsa su, da kisa da ƙwace ƙasa.

In ka ratse hagu za ka iske hasumiyar fitila ta Cape Otway, wadda aka kunna a 1848. Me ya sa aka gina ta? Jiragen ruwa masu tafiya da iska da ke zuwa daga Ingila sukan yi wata da watanni ba su ga tudu ba, sannan dole su kutsa ta tsakanin wannan tsibi da wani tsibiri mai suna King. Matuƙa suna kwatanta wurin da kafar allura. Wanda ya kuskure cikin dare ko hazo, sai dutse. Shi ya sa gaɓar da ke gabanmu ake mata laƙabi da gaɓar jiragen da suka nitse.

Da ka fito daga kurmi sai ka hango wasu ginshiƙan dutse tsaye a cikin ruwa, wasu sun kai mita 45. Turawa na kiransu Hawariyawa Goma Sha Biyu, wato almajiran Annabi Isa (AS). Amma in ka ƙirga, bakwai za ka samu. Dutsen irin wanda ake haƙowa ne a Kalambaina ta Sakkwato ana siminti, ba shi da tauri sosai. Igiyar ruwa takan yi ta dukan gindin gaɓa har ta huda kogo, kogon ya zarce ya zama kamar gada, saman gadar ya rufta, sai ginshiƙi ya saura shi kaɗai. Shi ma ɗin ruwa bai ƙyale shi ba. A Yulin 2005 ɗaya ya zube a gaban masu kallo.

Gaba kaɗan akwai wani kwazazzabo da ake kira Loch Ard, sunan wani jirgi ne. Ya taso daga Ingila da mutum 54, ya yi wata uku a ruwa, saura ƙiris ya isa Melbon. Da asubahin 1 ga Yuni, 1878, cikin hazo, ya daki dutse. Mutum biyu kacal suka tsira, dukansu ba su kai shekara 20 ba. Ruwa ya watso wani yaron jirgi, Tom Pearce, cikin kwazazzabon nan. Yana can ya ji ihun wata yarinya, Eva Carmichael. Duk da gajiyar da ke jikinsa ya koma cikin ruwan sanyi ya jawo ta, ya ajiye ta a kogo, ya hau bangon dutse ya nemo makiyaya. Eva ta rasa uwa da uba da 'yan'uwanta a wannan dare, daga baya ta koma ƙasarsu Ailan. Akwai 'yar maƙabarta a saman gaɓar inda aka binne 'yan gawarwakin da aka samu.

Wuce garin Port Campbell sai Gadar Landan, wani dutse mai baka biyu da ke haɗe da tudu, mutane na takawa su je ƙarshensa. Ranar 15 ga Janairu, 1990, wasu baƙi biyu sun haye ke nan sai bakan da ke bayansu ya rufta cikin teku. Suka tsaya cirko-cirko a kan sabon tsibiri, sai da jirgi mai saukar ungulu ya zo ya ɗauke su.

Daga nan Allansford ba nisa. Ita kanta hanyar ba ta tsira daga abin da ke cin duwatsun ba, don zabtarewar ƙasa takan rufe ta, kullum cikin gyara ake. A 2011 gwamnatin ƙasar ta sa ta cikin jerin wuraren tarihi da ake kiyayewa.

To ɗalibai, ga aikin gida. Ku tambayi kaka ko baba wace shekara aka yi titin da ya ratsa garinku, su wa suka yi aikin, kuma da ta ina ake bi. Ku rubuto mana abin da kuka ji. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.