Bibiyar Matashi: Hanyar Ceto Ƴaƴanmu Daga Shaye-shaye a Madawa, Buza da Keita

Ya kai mai karatu, wataƙila ka san wani saurayi a garinku wanda halinsa ya sauya. Da can mai ladabi ne, yanzu kuwa ya zama mai saurin fushi. Ba ya cin abinci sosai, ba ya barci da dare, kuma kuɗi ba sa zama a hannunsa. Iyaye sun yi faɗa, sun yi duka, har sun gaji. Wannan darasi zai bayyana maka wata hanya ta daban, wadda ma'aikatan kula da jin daɗin jama'a ke bi. Sunanta bibiya.

Me ke jawo matasanmu ga ƙwaya?

Yawancin samarinmu ba don nishaɗi suke fara shan ƙwaya ba. Aiki ne ke kai su. A fadamar Tarka, noman albasa na rani yana bukatar ban ruwa tun da asuba. In an cire albasa, akwai dakon buhuna zuwa manyan motoci. Ɗan kabu-kabu yana yini a kan babur cikin rana. Wanda ya tafi ci-rani Najeriya, Libiya ko Abijan yana so ya yi aikin mutum biyu don ya aiko da kuɗi gida. Sai aboki ya miƙo masa tiramol, ya ce maganin gajiya ne.

Tiramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin wanda ake samu daga furen ofiyom. A asibiti, ƙwaya ɗaya takan zama miligiram 50 ko 100, kuma likita ba ya wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum. Wanda ake sayarwa a ɓoye kuwa yakan kai miligiram 200 ko 225 a ƙwaya guda. Jiki yana sabawa da shi. Wanda ya fara da ɗaya, gobe sai biyu, jibi sai huɗu. Ban da tiramol akwai tabar wiwi, da sholisho, da ƙwayoyin sa barci irin su diyazefam, da maganin tari mai kodin, wanda Najeriya ta hana haɗawa da shigowa da shi a watan Mayu na 2018.

Yankinmu yana dab da iyaka. Daga Bangi ko Ƙonni zuwa Najeriya tafiya ce kaɗan. Wani bincike da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa ya nuna cewa a 2017 mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a Najeriya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Mene ne bibiya?

Bibiya ita ce mutum ɗaya ya ɗauki al'amarin matashi ɗaya, ya bi shi daki-daki tun daga ranar farko har ranar da ya tsaya da ƙafafunsa. Mai bibiya ba likita ba ne, ba alƙali ba ne, ba kuwa ɗan sanda ba. Shi ne igiyar da ke haɗa yaro da iyayensa, da asibiti, da makaranta, da maigidan sana'a. Yana riƙe da littafi inda yake rubuta abin da aka yi da abin da ya rage. Ba tare da shi ba, kowa yakan yi nasa ya tafi, yaron kuma ya faɗa tsakani.

Matakai shida na bibiya

1. Ganowa. Uwa, malami, limami, ko abokan fada su ne kan fara lura. Sai su sanar da ma'aikacin jin daɗin jama'a ko kwamitin kare yara, cikin sirri.

2. Sauraro da neman yarda. Mai bibiya zai zauna da matashin a keɓe. Ba zai zage shi ba, ba zai kira shi ɗan ƙwaya ba. Zai nemi yardarsa kafin ya rubuta komai. In yaron bai kai shekara 18 ba, a nemi yardar mahaifi ko mai riƙonsa.

3. Auna hali. Me yake sha? Sau nawa a yini? Wa ke ba shi? Ina yake kwana? Yana da bashi? Sannan tambaya mafi muhimmanci: me ya iya, kuma wa yake jin maganarsa?

4. Tsara shiri. A rubuta abubuwa kaɗan waɗanda za a iya yi, da sunan wanda zai yi kowanne, da ranar da za a yi shi.

5. Rakiya da ziyara. Mai bibiya ba ya cewa "je ka asibiti" kawai. Yakan raka shi. Daga nan ya riƙa ziyartarsa, da farko kowane mako, daga baya kowane wata.

6. Rufe littafi. Idan abin da aka tsara ya cika, sai a zauna da iyali a rufe al'amarin, a kuma gaya musu inda za su koma in matsala ta dawo.

Ga misali

A ce wani saurayi ne mai shekara 17 a wani ƙauye kusa da Sabon Gida. Ya dawo daga ci-rani yana shan tiramol kullum. Wata rana ya faɗi a gona yana farfaɗiya. Mahaifinsa ya ce zai kore shi. Mai bibiya ya saurare shi, sai ya gano abubuwa uku. Yaron yana da ciwon baya tun lokacin da yake dako. Mai sayar da ƙwaya yana bin sa bashi. Kuma yana sha'awar gyaran injin ban ruwa.

Shirinsa zai zama kamar haka. Ranar Litinin kawunsa zai raka shi asibiti a duba bayansa, a kuma tsara yadda zai rage ƙwayar. Mahaifi zai janye maganar kora, a daidaita yadda za a biya bashin. Wani makanike zai karɓe shi koyon aiki da safe. Da yamma zai shiga ajin yaƙi da jahilci. Ka ga nan ba wa'azi kaɗai aka yi masa ba. An taɓa tushen abin da ya kai shi ga ƙwayar.

Abubuwan lura

Kada a tilasta wa wanda ya daɗe yana shan tiramol ko diyazefam ya daina rana ɗaya. Jikinsa zai yi ciwo, ya yi gumi da zawo, barci ya gagare shi, wani ma har ya yi farfaɗiya. Ma'aikacin lafiya ne zai nuna yadda za a rage sannu a hankali.

Idan wani ya faɗi yana jijjiga, a kawar da abin da zai ji masa rauni. In ya lafa, a kwantar da shi ta gefe. Kada a sa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko nono. A kai shi asibiti nan da nan, musamman in numfashinsa ya yi ƙasa.

Mari da sarƙa ba magani ba ne. A watan Satumba na 2019 ƴan sanda a Kaduna sun kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani gidan horo, da yawansu ɗaure da sarƙa. Iyayensu gyara suka nema, azaba suka samu.

Komawa ga ƙwaya bayan an bari abu ne da ke faruwa. Ba ƙarshen aiki ba ne. A sake zama, a gyara shirin.

Sirrin yaro amana ne. Abin da ke cikin littafi ba na hira ba ne a bakin rijiya ko a majalisa. Ƴan mata ma suna faɗawa cikin wannan hali, sai dai sun fi ɓoyewa saboda kunya. Ya fi dacewa mace ta bibiyi mace.

Me doka ta ce?

Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999 ta hukunta fatauci da sayar da su a Nijar. Yaron da bai kai shekara 18 ba, gaban alƙalin yara ake kai shi, kuma wanda bai kai 13 ba, ba a yi masa hukuncin laifi. A 2019 gwamnati ta fitar da dokar kafa kwamitocin kare yara tun daga matakin ƙasa har zuwa ƙauye. Tambayi maigari ko ofishin magajin gari ko akwai irin wannan kwamiti a garinku.

Ina naka aikin?

Dattawan Buza sun tuna yadda aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya a 1975 don tare iska. Mutanen Keita sun tuna aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma a 1984, inda mata suka yi dakon duwatsu. Ba dasawa kaɗai ta raya itatuwan nan ba. An yi ta komawa ana ba su ruwa, ana kare su daga awaki. Haka matashi yake.

Kai da ka koyi karatu da rubutu, kana da abin taimako a hannunka. Za ka iya karanta adadin miligiram a jikin kwalin magani. Za ka iya rubuta ranar komawa asibiti don kada a manta. Za ka iya zama kawun da zai yi rakiya, ko maigidan da zai karɓi yaro koyon sana'a. Ɗa na kowa ne.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne ayyuka ne ke sa matasan garinku neman maganin gajiya?

2. Me ya bambanta mai bibiya da mai yin faɗa?

3. Wane mutum ne a garinku matasa ke iya gaya wa sirrinsu?

4. Rubuta a littafinka abubuwa uku da za a yi idan wani ya faɗi saboda ƙwaya.