Idan maƙoƙo ya zo da kasala: magani, gishiri da awara

A watan Afrilu, lokacin da zafin Haɗejiya ke haura digiri 40, akwai matar da za ku tarar ta lulluɓe da zane tana cewa sanyi take ji. Jikinta ya mutu, fatarta ta bushe, gashi na zuba, bayan gida ya yi tauri, al'ada ta rikice, ga ƙiba tana ƙaruwa alhali ba wani abin kirki take ci ba. An sha maganin maleriya, an sha na taifot, wataƙila har an fara zancen sammu. Sau da yawa matsalar tana nan a gaban wuyanta.

Ƙasa kaɗan da maƙogwaro akwai wani ɗan nama mai siffar malam-buɗe-littafi, likitoci na kiransa tayrod. Shi ne idan ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinsa zuba wani sinadari cikin jini, tayroksin, wanda ke saita saurin komai a jiki: bugun zuciya, ɗumi, narkewar abinci, har kaifin tunani. Idan sinadarin ya yi kaɗan, sai komai ya yi sanyi. Mata sun fi maza kamuwa nesa ba kusa ba.

Sai dai ba kowane maƙoƙo ne ke nufin ƙarancin aiki ba. Wani ma aikin ne ya yi yawa, wani kuma ciwon na cinsa ba tare da kumburi ko kaɗan ba. Ido ba ya rarrabewa, sai gwajin jini da ake kira TSH. A fara da Babban Asibitin Haɗejiya. In ana buƙatar ƙwararre, akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru.

Manyan dalilan ƙarancin aikin tayrod biyu ne. Na farko ƙarancin aidin, wanda da shi tayrod ke haɗa sinadarinsa. A teku aidin ya fi yawa, mu kuwa tsakaninmu da teku tafiya ce mai nisa, kuma ƙasar da ambaliya ke wankewa shekara bayan shekara, irin fadamun Auyo da Guri da Kiri Kasamma, ba ta cika riƙe shi ba. Kifin Haɗejiya da muke alfahari da shi abinci ne mai kyau, amma na ruwan daɗi ne, aidin ɗinsa bai kai na kifin teku ba. Shi ya sa tun 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci. Babban mutum na buƙatar maikirogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa 250, kuma gishirin leda mai lambar NAFDAC ya isa ya biya wannan, muddin an adana shi a rufe. Wanda aka baje a faranti rana na dukansa a kasuwa, aidin ɗinsa guduwa yake yi. Kanwa da manda ba su maye gurbinsa.

Dalili na biyu shi ne garkuwar jiki ta juya ta kai wa tayrod hari, ciwon da wani likitan Japan, Hakaru Hashimoto, ya bayyana a 1912. A nan ko buhun gishiri aka cinye ba zai yi magani ba, sai dai ya jawo hawan jini.

Maganin ƙwaya ce 'yar ƙarama, levothyroxine, wadda ke mayar wa jiki abin da ya rasa. Guda ake sha a rana, kuma ga mafi yawan masu ciwon shan na har abada ne. Tsofaffi da masu ciwon zuciya da kaɗan ake fara musu, kamar maikirogiram 25. Bayan mako 6 zuwa 8 a sake gwaji a gyara adadi. In ya daidaita, sau ɗaya a shekara ya wadatar. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ji ƙarfi ya dawo ya ce ya warke, ya ajiye magani. Cikin 'yan makonni kasalar za ta dawo. Wanda kuma ya ƙara wa kansa adadi zai gamu da faɗuwar gaba, gumi, rawar hannu da rashin barci.

A ganina, zancen abinci an fi cika shi da tsoratarwa. Gaskiya ne gero da rogo da kabeji na ɗauke da abubuwan da ke rage wa tayrod aiki, amma illarsu ta fi bayyana ne inda aidin ya yi ƙaranci. Wa zai ce wa Bahaɗeje ya bar fura da tuwon gero? Ba sai an kai nan ba. Rogo dai a jiƙa shi, a dafa shi sosai.

Abin kula na gaske shi ne lokaci, domin ƙwayar nan ba ta son abokin tafiya. A sha ta da ruwa zalla bayan sallar Asuba, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin koko ko shayi. Maganin ƙarin jini da ake ba masu ciki a wajen awo, da ƙwayar ƙarfin ƙashi, da farin maganin nan na olsa, duk suna riƙe ta a hanji su hana ta shiga jini, don haka a bar awa 4 tsakaninsu. Awara da madarar waken suya da nono ma a jinkirta su zuwa rana. Ba haramta su aka yi ba, raba musu lokaci aka yi.

Mai wannan ciwo da ta ga ɓatan wata kada ta daina sha. Ta je asibiti a makon, domin buƙatarta na ƙaruwa da wajen kashi ɗaya cikin uku, kuma a watannin farko ƙwaƙwalwar ɗan tayi da sinadarin uwa take ginuwa. Ƙarancinsa na iya jawo ɓari.

Da azumi, a sha minti 30 kafin sahur, ko kuma lokacin kwanciya idan an yi awa 3 rabon ciki da abinci. Ƙwayar ba ta jure zafi da laima, saboda haka a bar ta cikin takardarta a lungun ɗaki mafi sanyi, nesa da taga da murhu. Masu zama inda ruwa ke yanke hanya a Agusta da Satumba kuwa, su sayi na wata biyu ko uku tun damina ba ta nutsa ba.