Yadda rahoton ɓullar cuta ke tafiya daga Rogo zuwa Abuja

A ƙananan hukumomin Karaye da Rogo da ke yammacin jihar Kano, labarin ɓullar cuta mai yaɗuwa kan fara ne daga bakin uwa zuwa maƙwabciya, kana ya kai ga mai unguwa ko ma'aikacin asibitin ƙauye.

Abin da ya sauya shi ne yadda labarin ke ƙarasa tafiyarsa.

A da, ma'aikacin asibiti kan cike takarda, jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ya tattara ya aika Kano, daga can a miƙa Abuja.

Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fito da wannan tsari ga ƙasashen Afirka a 1998, shekaru biyu bayan annobar sanƙarau da ta hallaka mutane fiye da 11,000 a Najeriya.

To sai dai takarda ba ta da sauri, alhali amai da gudawa kan iya kashe ƙaƙƙarfan mutum cikin sa'o'i.

Bayan shigowar Ebola birnin Legas a 2014, ƙwararru daga Najeriya da cibiyar bincike ta Helmholtz da ke Jamus suka ƙirƙiro manhajar SORMAS. Kano na ɗaya daga cikin jihohi biyu da aka fara gwada ta a 2015, ɗayar kuwa Oyo. Annobar korona ta 2020 ce ta sa aka faɗaɗa ta zuwa dukkan jihohin ƙasar.

Jami'in kan shigar da bayanan wanda ake zaton ya kamu a wayar hannu, ko da babu intanet a wurin. Da zarar wayar ta samu sadarwa sai bayanan su wuce da kansu, ta yadda ma'aikatar lafiya a Kano da hukumar NCDC a Abuja za su gani lokaci guda. Nan ne kuma ake liƙa sakamakon gwaji da jerin waɗanda suka cuɗanya da majiyyacin.

Irin wannan bibiya ta zama wajibi lokacin da mashaƙo ya ɓarke a ƙarshen 2022, inda Kano ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu.

A Amurka dai doka ta amince da hukumomin lafiya na al'ummomin asalin ƙasar, suna kuma da hurumin karɓar irin wannan rahoto. Masarautun Najeriya ba su da wannan matsayi, amma su ne kunnen tsarin.

Masarautar Karaye, wadda dokar jihar ta 2024 ta taƙaita ga Karaye da Rogo, na da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane gida. Amfaninsu ya fito fili a yaƙi da shan inna, musamman bayan kwamitin sarakunan arewa da Sarkin Musulmi ya jagoranci kafawa a 2009.

Raunin manhajar shi ne ba ta san komai ba sai abin da aka shigar mata. Rogo na iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, kuma yaron da aka kai wurin mai kemis, ko aka tsallaka da shi Zariya, zai iya warkewa ko ya rasu ba tare da sunansa ya shiga lissafin ƙaramar hukumarsa ba.