Labarin Al'ajabi da Matashin Mai Karatu

A cikin ƙagaggun labarai akwai wani rukuni da ake ginawa a kan abin da ba ya faruwa a zahiri, wato sihiri da dodanni da ƙasashen da ba su a taswira. A wannan takarda an kira shi labarin al'ajabi. Ɗalibin Hausa ba baƙo ba ne a nan, domin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar 1933, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa duk suna ɗauke da irin wannan. Sai dai akwai reshe guda da ya bunƙasa a Turai da Amurka, wanda matasa masu shekara 12 zuwa 18 suka fi rungumar sa. Tambayar ita ce, me ke riƙe su a ciki?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce sihiri. Wannan amsa ba ta gamsar ba, domin tatsuniya ma cike take da abin mamaki, amma da zarar yaro ya fara tasawa sai ya bar wa ƙannensa ita. Bambancin yana wajen tauraro. Gizo bai taɓa girma ba, yadda ya shiga tatsuniya da wayonsa haka yake fita. Tauraron labarin matasa kuwa yaro ne da ake rainawa, sai ƙarfi ya faɗo masa kafin hankali, kuma ba ya kaiwa ƙarshen littafi da halin da ya faro.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne A Wizard of Earthsea na Ursula Le Guin, wanda ya fito a Amurka a 1968, bayan mawallafinta ya nemi ta rubuta wa manyan yara littafi. Tauraron, Ged, makiyayin awaki ne da aka kai makarantar sihiri a tsibirin Roke. Sihiri a wannan duniya yana da ƙa'ida: kowane abu yana da sunansa na asali, kuma wanda ya san sunan ne kawai ke da iko a kansa. Girman kai ya sa Ged ya yi gasa da wani ɗalibi, ya kira ruhun matacciya, sai wata inuwa ta kuɓuce ta yi masa rauni a fuska. Ya yi ta gudu tana bin sa, daga baya ya juya ya bi ta, har ya kira ta da sunansa na kansa. Abin lura shi ne, babu wani mugun sarki da aka kashe a ƙarshe. Abokin gabar yaron halinsa ne, kuma wannan magana ce da ɗan shekara 15 ke ganewa ba sai an yi masa sharhi ba.

J.K. Rowling ta ɗauki makarantar sihiri ta miƙe ta zuwa littattafai 7, daga 1997 zuwa 2007. Harry Potter maraya ne mai shekara 11 a littafi na farko, yana kwana a wani ɗan akurkin ɗaki ƙarƙashin matakalar bene a gidan yayar mahaifiyarsa; a na ƙarshe yana da 17. Kowane littafi kusan shekarar karatu guda ne, kuma labarin yana ƙara nauyi da duhu. Bugun Ingila na littafi na farko shafi 223 ne, na biyar kuwa 766. Wato littafin ya yi ta girma tare da mai karanta shi. Rubutun Rowling bai kai na Le Guin tsafta ba, akwai jan zance a littattafan baya, amma ta san rayuwar makarantar kwana: malamin da ya tsani ɗalibi ba dalili, jarrabawa, da abokin da aka ɓata da shi wata guda.

Wannan tsari ya iso Afirka ta Yamma ta hannun Nnedi Okorafor. A Akata Witch na 2011, Sunny zabiya ce mai shekara 12, an haife ta a Amurka, tana zaune a Aba, kuma ana tsokanar ta a kan duka biyun. A cikin masu sihirin littafin, abin da ake yi wa mutum gori a kansa shi ne tushen baiwarsa, kuɗinsu kuma yakan zubo ne lokacin da mutum ya koyi wani sabon abu.

Ga ɗalibin harshe, wahalar tana wajen fassara. Jean-François Ménard, da ya mayar da Harry Potter Faransanci a 1998, ya sauya sunan makarantar zuwa Poudlard, ya kira marasa sihiri Moldus, domin raha ta tsira. Mai fassara zuwa Hausa zai tsaya tun kafin nan, a kan abin da zai kira yaron kansa. Maye a wurin Bahaushe mai kama kurwa ne, ba a tausaya masa. Boka sana'a ce ta magani da duba. Matsafi yana jawo maganar bautar wanin Allah. Mai sihiri ne ya fi kusa, shi ma da nauyinsa na addini, kuma da wuya uba ya ga wannan a bangon littafi ya saya wa 'yarsa.